Nimoniya ta kayar da Baba ta bar Inna: shekaru ne ko jinsi?

Maman Biyu:
Assalamu alaikum. Mahaifina mai shekara 72 yana kwance a asibiti da ciwon huhu (nimoniya), gwajin jini ya nuna ƙwayar cuta mai suna nimokokas ce. Ɗaki ɗaya suke kwana da Inna, mai shekara 67, jikoki masu majina kullum suna jikinta, amma ko tari ba ta yi ba. Tsufa ne, ko garkuwar mata ce ta fi ta maza?

Ma'aikacin Lab:
Wa'alaikumussalam, Allah ya ba Baba lafiya. Duka biyun da hannunsu, sai dai shekaru sun fi nauyi. Ƙwayar nan a lulluɓe take da wata riga ta sukari, irin rigar kuwa ya haura 90. Sai antibodi, wato sinadarin kariya da jiki ke yi, ya manne wa rigar kafin fararen ƙwayoyin jini su iya haɗiye ta. Abin da ke ɗaure mini kai game da tsofaffi shi ne, sai a auna jini a tarar da antibodin da ɗan yawansa, amma aikinsa ya yi sanyi.

Yaran da ba su kai shekara 2 ba matsalarsu daban ce. Antibodin da suka samu daga uwa tun suna ciki yakan ƙare cikin 'yan watanni, jikinsu kuma bai iya gane sukarin shi kaɗai ba. Shi ya sa rigakafin PPSV23 na 1983, wanda sukarin rigar ne zalla, ba ya yi musu aiki sosai, sai da rigakafin PCV7 ya zo a 2000, wanda aka ɗaura sukarin a jikin furotin.

Anti Nas:
Batun jinsi ma gaskiya ne, ƙanwata. Maza sun fi mata kamuwa da ciwon mai tsanani, wanda ke shiga jini ko ya zama sanƙarau. Mace na da kuromozom X biyu (ƙunshin gado ne da ke da hannu a garkuwar jiki, namiji ɗaya gare shi), kuma yawancin rigakafi jikinta ya fi amsa shi. Amma kada ki ɗora komai a kan halitta. Baba yana shan taba? Yana da ciwon suga? Waɗannan kaɗai sun isa.

Jikokin nan kuma su ne ma'ajiyar ƙwayar, a hancinsu take zaune ko suna lafiya ƙalau. Ki duba katinsu na rigakafi.

Maman Biyu:
Tabar kam ya daɗe da bari, sugan ne yake da shi. To Anti, idan ya warke, rigakafin zai yi masa amfani ko ya makara?

Anti Nas:
Bai makara ba. Iri ɗaya ya kama shi, sauran suna nan. Ki tambayi likitansa, ki haɗa da Inna.