Wa ya fi ƙarfi? Abin da samarin Jidda suka tsayar

Musu ya yi zafi a majalisar samarin Hausawa a Jidda kan wanda ya fi ƙarfi cikin jaruman wasannin faɗa na bidiyo, har aka tattara shawarwari.

Wadda aka fi jaddadawa ita ce a raba ƙarfi gida biyu: na labari da na hannun mai bugawa. A labarin wasan Tekken, Panda dabbar wata jaruma ce mai suna Xiaoyu, ba ta kai ta ja da Kazuya, ɗaya daga cikin manyan jaruman wasan, ba. Amma da Panda ɗin ne ɗan wasa Rangchu na Koriya ta Kudu ya lashe gasar duniya ta Tekken World Tour a 2018. Kamfani kan daidaita jarumai don gasa ta yi adalci, yana ƙara wa wannan, yana rage wa wancan. Saboda haka wanda ya doke ka da jarumi irin Akuma bai tabbatar da komai game da labari ba. Ni ma a nan na tsaya, don rabin rigimarmu daga wannan cakuɗawar take tasowa.

Sai batun hujja. A tsofaffin wasannin kowane jarumi yana da nasa ƙarshen labarin, kuma sukan saɓa wa juna. Abin da wasa na gaba ya ɗora a kai shi ne abin riƙewa.

An kuma ce a riƙa faɗin wasan da ake nufi. Mortal Kombat 1 na 2023 ya sake tarihin labarin gaba ɗaya a hannun jarumi Liu Kang. Heihachi kuwa, da ɗansa Kazuya ya jefa cikin dutse mai aman wuta a Tekken 7, ya dawo da ransa a Tekken 8 a 2024.