Titaniyam da aka buga da leza yana karyewa da wuri, ina matsalar?

Bala:
Assalamu alaikum. Samfurin Ti-6Al-4V (ƙarfen titaniyam mai haɗin aluminiyam da banadiyam) na dashen ƙugu, wanda aka gina da injin da ke narkar da garin ƙarfe da leza, shimfiɗa bisa shimfiɗa. Ƙwayar garin mikron 15 zuwa 45 (mikron dubu ne milimita ɗaya), kaurin shimfiɗa mikron 30. A gwajin ja yana da ƙarfi, amma a gwajin dannawa da saki sau dubbai sai ya tsage da wuri. Me ke jawo haka?

Injiniya Hauwa:
Wa alaikumus salam, Malam Bala. Yanka ɗaya ka duba da madubin ƙara girma. Idan ramukan ciki masu kusurwa ne, har da garin da bai narke ba, zafin leza bai isa ba: rage gudun leza ko matso da layukan da take bi kusa da juna. Idan zagayayyu ne, zafin ya yi yawa, tururi ya maƙale. Masu kusurwar sun fi sharri, daga nan tsagewa ke farawa. Maganinsu a gasa shi cikin matsin iskar argon: zafi digiri 920 na Salsiyas, matsi megafaskal 100, awa 2. Amma ramin da ya buɗe har waje ba zai rufe ba.

Malam Sani:
Ƙari a kan na Hajiya, kada a yanke samfurin daga farantin da aka gina shi a kai kafin a dafa shi a tanda mara iska, wajen digiri 800. Saurin hucewa yana barin ƙarfen a ƙage. Sannan a goge fatar, kaushinta kaɗai ya isa ya fara tsaga.

Injiniya Hauwa:
Garin ma a auna shi. Wanda aka yi ta maimaitawa yana shan iskar oksijin, kuma oksijin da ke cikin garin dashe bai kamata ya wuce kashi 0.13 cikin 100 ba.