Musayar Waƙa: Tabarau Mai Kai Mutum Wata Duniya

Alƙalamin Zariya:
Salamu alaikum, ma'abota waƙa. Yau batunmu tabarau ɗin nan da ake ɗaurawa a fuska, mutum ya tsinci kansa cikin duniyar da kwamfuta ta zana. Amsa-amonmu "ya".

Da sunan Rabbu nake farawa,
Kan tabarau da ake ɗaurawa,
Kana ɗakinka, babu motsawa,
Ka zaga Masar, ka leƙa Indiya.

Facebook ya sayi Oculus mai ƙera tabarau tuni,
A 2014, ku riƙe zamani,
Dala biliyan 2 ya zuba, ku gani,
Sunan Facebook ya koma Meta daga baya.

Yaron ƙauye zai shiga aji,
Ya ga bugun zuciya, kuma ya ji,
Ɗalibin likita ya yi gwaji,
Ya koyi tiyata ba asarar lafiya.

'Yar Gusau:
Malam, waƙarka ta yi armashi,
Sai dai ka tsallake batun farashi,
Na Apple in ka ji sai ka ja numfashi,
Dala 3,499, ba ragin ko ɗaya.

A 2024 ya shigo kasuwa,
Shekarar da Najeriya ta yi sanarwa,
Ƙaramin albashi, bayan ƙarawa,
Naira 70,000 ne, ga haya ga miya.

Wane yaron ƙauye kake nufi, Malam? Wanda ajinsu ko rufi babu?

Alƙalamin Zariya:
'Yar'uwa, ki tuna 2001,
Da salula ta shigo Najeriya.
Layi kaɗai sai mai hannu da shuni,
Yau mai tallar gyaɗa na riƙe da waya.
Tabarau Quest 2 ma da ya fito a 2020,
Dala 299 aka rinƙa saya.
Abin da ya yi tsada bana,
Baɗi a Kasuwar Kurmi za ki iske shi a tsibin kaya.

Baba Mai Gora:
Yara, ku matso, ku ba ni wuri. Ni ba tsadar ke hana ni barci ba.

Arharsa ce nake tsoro, ɗana,
Ran da ya wadata a ko'ina,
A ce wa talaka: ga naka, zauna,
Ka sha kallo, ka daina kukan wuya.

Ɗan mai kuɗi na gaban malami,
Mai rai, mai duba masa alƙalami,
Ɗan talaka a ɗaura masa takunkumi,
A ce ai makarantarsu ɗaya.

Mai hali ya hau jirgi ya tafi,
Ya sha iskar teku, ya ci kifi,
Kai ko kana ɗaki mai zafi,
Da tekun hoto, da cikin da bai ci ba tun jiya.

Can ma akwai mai gida da ɗan haya,
A Decentraland, duniyar intanet, fili na cikin waya,
An sayar a 2021, ku ji abin dariya,
Dala miliyan 2.4, ba ko rijiya.

Sannan mai duniyar yana lura,
Inda ka juya, inda ka ƙura,
Ya tara labarinka, ya ƙara,
Ya kai wa masu talla su saya.

'Yar Gusau:
Baba, Allah ya ƙara girma. Ga ɗan ƙari:

An sa Hajarul Aswad a tabarau,
A 2021, can a Saudiyya.
Aka ce gani kam babu laifi,
Amma ba Hajji ba ne, in ji hukumar addinin Turkiyya.
To in hoto bai sauke farali ba,
Yaya zai sauke haƙƙin ɗa da ɗiya?

Ɗan Damagaram:
Ku dakata, ku ma kun yi nisa,
Batirin nan daga ina ya taso?
Ma'adininsa kobalt, da yawa daga ramukan Kwango,
Masu haƙarsa ba su ga tabarau ba ko sau ɗaya.

Ni ina bayan Malam a abu guda,
Likita ya koya, wannan na yarda.
Sai dai wutar caji ina take, Yaya?
Kuma darasin, da Hausa ne ko sai da tafinta a baya?

Alƙalamin Zariya:
Baba, na ji, amma ban sauka ba. Laifin na tabarau ne, ko na wanda ya ƙi gina aji? Ɗan Damagaram, amsarka na nan tafe bayan La'asar, da ƙwar biyar.