Kwanon ado na fata: bakinsa yana tattarewa, kuma ya ƙi yin tauri

Almajirin Dukawa:

Assalamu alaikum iyayen gida da 'yan'uwa masu sana'ar fata. Ina neman a haska mini hanyar yin kwanon ado na fata, irin wanda ake jiƙa fatar a ɗora kan wani kwano har ta ɗauki siffarsa, a ajiye a falo ana zuba dabino ko goro ko makullai. Fatar da ke hannuna ta akuya ce ja, kwanon da nake kifawa kuma faɗin bakinsa santimita 20, zurfinsa kusan 10. Matsala uku ce: bakin yana tattarewa kamar bakin zani, in ya bushe na cire sai ya lanƙwashe ya ƙi tsayawa, sannan wasu baƙaƙen ɗigo suna fitowa a ciki waɗanda ba sa wankuwa. Wasu sun ce a tsoma a tafasasshen ruwa. Shin haka ne? Allah ya saka da alheri.

Baba Majemi:

Wa alaikumus salam. Yaro, tun kafin ruwa ya taɓa fatar nan aikin ya riga ya karkace, domin jar fatar akuya ba ta wannan aiki ba ce. Kaurinta bai wuce milimita ɗaya da 'yan kai ba, kuma tun a majema an sha murza ta da mai don ta yi laushi. Ita ta jaka ce da titimi da kuben wuƙa. Abin da kake buƙata kirgi ne, fatar shanu wadda aka jeme da bagaruwa, mai kaurin milimita 2 da rabi zuwa 3 da rabi. In ka je majema irin ta Ƙofar Wambai a Kano, ko wajen masu sayar da fata a Kasuwar Kurmi, ka ce musu wadda ba a rina ba kake so, kuma wadda ba a cika mata mai ba. Fatar da ta ƙoshi da mai ba ta shan ruwa sosai, in ta bushe kuma laushinta take komawa.

Ka kiyayi fatar kamfani da aka jeme da sinadarin kurom, irin ta takalma da kujerun mota. Ko kwana za ta yi a ruwa ba za ta riƙe siffa ba. Gane ta ba wuya: yanki ɗan gefe ka dubi tsakiyar yankan. Ta kurom tsakiyarta shuɗi-shuɗi ne mai ruwan toka, ta bagaruwa kuwa ruwan ƙasa ce tun daga sama har ƙasa. Ka kuma ɗiga mata ruwa, ta bagaruwa nan take za ta shanye wurin ya yi duhu.

Wannan yankan zai nuna maka wani abu na biyu. In ka ga wani farin layi a tsakiya kamar an sa takarda, to jimar ba ta ratsa ba, an yi gaggawar tsamo ta daga ruwan bagaruwa, cikinta ɗanye ne. Irin wannan tana bushewa da ƙarfi ƙwarai, amma ba ta jure zafi ko kaɗan, kuma in damina ta yi tana iya yin wari.

Wurin da za ka yanka ma da magana. Fatar ciki tana miƙewa da sauƙi amma sako-sako ce, kwanon zai fito gefe ɗaya ya fi ɗaya kauri. Ta gadon baya wajen ƙugu ta fi ko'ina tsauri, sai ka sha wuya kafin ta lanƙwasu. Kafaɗa ita ce daidai.

Baƙaƙen ɗigon nan kuma ƙarfe ne. Duk inda jiƙaƙƙiyar fatar bagaruwa ta haɗu da ƙarfe mai tsatsa sai ta yi baƙi, kuma baƙin ya zauna ke nan. Ai da haka ake yin kuloko, baƙin rinin dukawa. Duba kwanonka, in na samira ne da fentinsa ya ɓantare, to ga mai laifin. Ko ƙusa, ko garin wasa wuƙa da ya zuba a kan tebur, ko ruwan da ya kwana a tsohon duro, duk suna jawo shi. Ka yi aiki da akushi ko kwanon roba mai tauri ko na tangaran, ka lulluɓe shi da leda, ka shafe ledar ta kwanta lif, don duk yamutsewar da ta yi sai ta bar sawu a jikin fatar.

Malam Mai Basilla:

Baba ya gama magana a kan fata. Ni tattarewar bakin zan ɗauka, don lissafi ne tsagwaronsa, ba rashin iya hannu ba.

Kwanonka faɗi 20, zurfi 10, wato rabin ƙwallo ne cif. In ka ɗora igiya daga baki, ta bi ta gindi, ta sauka ɗaya bakin, za ka sami wajen santimita 31. Fatar da aka yanka zagaye mai faɗin 31, kewayenta ya kusa 98. Kewayen bakin kwanon kuwa 63 ne kawai. Rarar santimita 35 ɗin nan ina za ta? Dole ta naɗe. Amma kwano mai faɗin 20 da zurfin 5, igiyar za ta ba ka 23, kewaye wajen 73, rarar 10 ce kacal, kuma wannan kirgi mai laima yana iya haɗiye ta. Don haka ka fara da mai zurfin kashi ɗaya cikin huɗu na faɗinsa. In hannu ya faɗa sai ka kai kashi ɗaya cikin uku.

Wajen yanka, ka ƙara santimita 4 zuwa 5 a kowane gefe a kan abin da igiya ta ba ka. Wannan ƙarin shi ne marikinka, kuma can ake kora tattarewar ta taru, daga baya a yanke a zubar. Mai tsumulmular fata a nan shi ne yake asarar fatar gaba ɗaya.

Jiƙo: ruwa mai ɗumi wanda hannu zai zauna a ciki ba damuwa. Nutsa fatar duka. Za ka ga ƙananan kumfa suna tasowa, iska ce ke fita. In sun daina, minti 10 zuwa 15 ke nan ga irin wannan kauri, sai ka tsamo, ka tsane da tsumma mai tsabta. Kada ka hau aiki nan take. Sa ta a leda ka ɗaure, ta yi awa biyu, ko ma ta kwana a wuri mai sanyi. Laimar za ta ratsa ko'ina daidai wa daida. Fatar da ke ɗigar ruwa santsi take yi, tana komawa yadda take da zarar ka saki. Wadda ta huta kuwa, in ka danna ta da yatsa wurin zai zauna kamar ƙullun alkaki.

Kifa kwanon, ka ɗora fatar tsakiya a kan tsakiya. Fuskar fata, wato gefen da gashi yake a da, ita za ta dubi waje in kana son adon ya kasance a bayan kwano. In cikin kake so ya yi sheƙi, sai ka juya ta. Fara da gindi, ka danne da tafin hannu. Sannan ka ja ƙasa ta kusurwa huɗu, gabas da yamma, kudu da arewa, bayan nan tsakankaninsu. Kuskuren da ya fi yawa shi ne bin da'ira daga gefe ɗaya, sai duk rarar ta taru a wuri guda ta zama ƙaton ninki. Kana so ta rarrabu ta zama ƙananan tudu masu yawa, kowanne ka murje shi daga sama zuwa ƙasa da bayan cokalin katako ko ƙashi mai santsi har ya sauka ƙasa da layin baki. Yanke farcenka tukuna, ka cire zobe. Jiƙaƙƙen kirgi ba ya manta sawu.

Wannan murza tana cin minti 20 zuwa 30. In ta fara bushewa ka shafa ruwa da soso, amma ka shafe ta duka, don shafa wuri ɗaya yana barin zobe kamar na fitsarin yara a katifa.

In ta kwanta, sai ɗauri. Hanya mafi kyau ita ce ka sami faifan katako, ka huda rami zagaye wanda ya fi bakin kwanon faɗi da kaurin fatar sau biyu da ɗan ƙari, ka goge gefen ramin da samfefa, ka zura shi ta sama ka danna har ƙasa, ka ɗora duwatsu. In babu, ka kifa wani kwanon da ya ɗan fi na ƙasa girma. Iri ɗaya sak ba ya yi, don bai bar wa fatar wuri ba, sai ya matse baki ya bar gindi a sake. Robar cikin tayar keke ma tana ɗaurewa, sai dai ka sa tsumma a ƙarƙashinta, kuma ka ɗaure ƙasa da inda za ka yanke.

Shanya a inuwa mai iska, kwana ɗaya zuwa biyu. Lokacin hunturu ka rufa masa tsumma, don iskar tana busar da fuska kafin ciki, sai ta tsage. Da damina kuwa bayan kwana ɗaya ka zare kwanon da ledar, ka bar iska ta shiga ciki, in ba haka ba fumfuna za ta kama.

Ɗan Tandu:

Malam ya yi bayani mai kyau, amma tambayar ruwan zafi tana nan. Tafasasshen ruwa, a'a. In ka jefa kirgi a ruwa mai tafasa zai ƙanƙance, ya yi baƙi, ya yi kauri, in ya bushe ya zama kamar ɓawon ƙwarya, da ya faɗi sai ya fashe. Abin da ake so ruwa ne mai wajen digiri 80, lokacin da ƙananan kumfa suka fara tashi daga gindin tukunya, kafin ya soma juyawa. Fatar ta riga ta jiƙu a ruwan ɗumi, sai a tsoma ta daƙiƙa 20 zuwa 30, da ta fara duhu gefenta ya soma naɗewa a tsamo. Daga nan minti biyu ko uku kawai gare ka kafin ta sandare, don haka kwano da katako da duwatsu su kasance a shirye. Kuma ka yanka da yalwa, don za ta ragu. Gwada da guntaye uku tukuna, ɗaya daƙiƙa 10, ɗaya 20, ɗaya 40, ka busar ka lanƙwasa kowanne ka gani. Kowace fata da inda take tsayawa.

In kuma zurfi kake so ba tare da ninki ba, akwai hanyar masu tandu, wadda ta girmi duk wannan. Su ba jemammiyar fata suke amfani da ita ba, ɗanya ce da aka tuje gashinta, aka kankare ta yi siriri. Ana gina siffar da yumɓu, a bar ta ta bushe ba tare da an gasa ta ba, a bi ta da jiƙaƙƙun yankuna ɗaya bisa ɗaya. Danƙon da ke jikin ɗanyar fata shi ke manne su. In ta bushe sai a farfasa yumɓun a zazzage. Shi ya sa tandun kwalli ke da ƙunƙuntar wuya da faffaɗan ciki, babu ɗinki ko ɗaya. Aibinta shi ne laima tana sa ta laushi, ɓera da ƙwari kuma suna sonta.

Malam Mai Basilla:

Gaskiya ne, sai dai ga mai koyo ba na son ruwan zafin nan, musamman da kirgin da jimarsa ba ta ratsa ba kamar yadda Baba ya faɗa. Ɗanyen tsakiyar yana ƙanƙancewa kafin fuska, sai kwanon ya murɗe. Kakin zuma ya fi aminci, kuma yana hana laima shiga.

Amma kafin kaki a gama komai, don bayan kaki babu rini babu zane. Zane ana yinsa ne bayan awa uku ko huɗu a kan kwano, lokacin da launin fatar ya fara komawa na asali amma in ka taɓa da sanyi. In ka zana tun tana shimfiɗe, ja zai karkatar da zanen. In ta bushe sarai, ka kifa ta a kan tebur, ka ɗora fensir a kan guntun katako ka zagaya da shi, layin baki zai fito daidai. Yanke da wuƙa mai kaifi, kaɗan-kaɗan sau uku, kada ka nemi gamawa a ja ɗaya. Goge bakin da samfefa, ka shafa ruwan ƙaro, ka murza da itace mai santsi har ya yi ƙyalli.

Rini kuwa namu ya isa: karan dafi da ɗan ruwan kanwa don ja, gangamau don rawaya, kuloko don baƙi. Shafa siriri sau biyu ko uku, kana barin kowanne ya sha iska. In ka jiƙa shi sharkaf da rini, ka mayar da shi kan kwanon ya bushe a can. Kuloko ka sa da tsinke ko ƙaramin buroshi, don yana bin laima ya bazu.

Kaki yana narkewa tun a digiri 62 zuwa 64, don haka ba ya buƙatar wuta mai ƙarfi. Sa shi a gwangwani, gwangwanin a cikin tukunyar ruwan zafi, kada ka ɗora shi kai tsaye a kan wuta, yana kamawa. Kwanon fatar ya bushe ƙarau, in da sauran laima a ciki zafin kakin zai dafa ta ta yamutse. Ɗumama shi a rana minti goma, ka shafa kakin da buroshi ciki da waje, ka sake kai shi rana ya shanye. Sau biyu ko uku, har ya daina sha. Launin zai yi duhu sosai, ka san da wannan tun wajen rini. Man gyaɗa ko man kaɗe kada ka kusanto da su, laushin da kake gudu za su dawo maka da shi.

Almajirin Dukawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara girma. Kwanon samira ne kuwa, Baba, gindinsa duk tsatsa. To jar fatar da ke hannuna fa, ba ta da wani amfani a nan?

Baba Majemi:

Tana da shi. In kirgin ya bushe, kafin kaki, ka yi masa shafi da ita a ciki. Ɗan jiƙa ta kaɗan, ka danna ta cikin kwanon ta ɗauki siffa, ka bar ta ta bushe, sannan ka shafa gam irin na masu takalma a ɓangarorin biyu, ka jira ya daina kama yatsa, ka manna daga gindi zuwa baki. Ka bar rarar santimita ɗaya da rabi ka naɗo ta bayan bakin, ka huda da basilla tazarar milimita 5, ka ɗinke da siririyar tsirkiyar fata. Kakin sai ka shafa a waje kawai, don gam ba ya kama wurin da kaki ya taɓa. Kuma busassun kaya za a riƙa zubawa a ciki, ban da fura ko wani abu mai ruwa.