Lens ɗin makro na farko: abin da masu hoto suka ce

Wani sabon shiga ya tambayi wane lens zai saya don ɗaukar ƙwari da furanni kusa-kusa. Ga abin da na tsinta daga amsoshin.

Kowa ya yarda a fara duba lambar 1:1. Ma'anarta, ƙudan da ka ɗauka zai faɗo kan sensar kyamara, wato ɓangaren da ke karɓar hoto, da girmansa na zahiri. Lens masu zuƙowa da yawa an rubuta musu “macro”, amma a 1:3 ko 1:4 suke tsayawa, wato kashi ɗaya cikin uku ko huɗu na girman abin, kada rubutun ya ruɗe ka.

Inda aka daɗe ana muhawara shi ne tsawon lens, wato lambar mm: in ta yi yawa, kana iya ɗauka daga ɗan nesa. Mai 40mm ko 60mm ya fi araha, kuma ya wadatar wa zobe, tsabar kuɗi ko zaren ɗinki. Sai dai da shi dole ka matso sosai, kafin ka matso kuwa mazari ya tashi, inuwarka kuma ta rufe furen. Shi ya sa yawancinsu suka ce 90mm zuwa 105mm, kamar Tamron 90mm, Canon 100mm ko Nikon 105mm, duk f/2.8, lambar da ke nuna iyakar buɗewar ramin da haske ke shiga lens. Ni ma nan na karkata, ga shi suna fitar da hoton fuska da kyau.

In aljihu bai kai ba, a gwada zoben ƙara tazara tsakanin lens da kyamara, ko Raynox DCR-250, gilashin ƙara girma da ake maƙalawa a gaban lens.

A ware kuɗin filasha ma. A 1:1 idon ƙwaro kan fito tangaran, fiffikensa ya dushe, dole ka tsuke ramin lens zuwa f/11 don sauran jikin ya fito, haske kuwa ya ragu. Sai a lulluɓe filashar da farar takarda don haskenta ya yi laushi.