Dirka, amshi da kaifi: sunayen da nake ba pole, resonance da Q

'Yan'uwa masu koyar da lantarki da masu gyara, kalmomi uku ne ke tilasta mana komawa Turanci duk lokacin da muka zo bayanin matacin hayaniya, wato da'irar da ke tace siginar da ba a so: pole, resonance da Q. Ga shawarata, mai gyara ya gyara.

Pole tukuna. Kada mu ce sanda, kuma ba ruwansa da kawunan batir. A lissafi, wuri ne a filin s (shimfiɗaɗɗen zanen lissafi mai layin kwance da layin tsaye, da ake nazarin mataci a kansa) inda amsar mataci ke haurawa ba iyaka. A ɗauka an shimfiɗa tamfol a kan filin, aka tokare shi da itace daga ƙasa, wurin ya yi tozo. Itacen nan dirka ce, sai mu kira shi dirka. Zero kuwa, inda amsar ke faɗawa sifili, turke ne da ya danne tamfol ɗin ƙasa. Rizista ɗaya da kafasita ɗaya dirka ɗaya suke bayarwa: kilo'om 1 da maikrofarad 1 suna yanka a wajen 159 Hz, daga can sigina na raguwa da desibel 6 duk sadda mita, wato yawan kaɗawar sigina a daƙiƙa, ta ninka. Dirka biyu desibel 12, huɗu desibel 24, irin matacin da Robert Moog ya sa a na'urar kiɗansa. "Mataci mai dirka huɗu" ya zauna daram a baki.

Resonance na ji ana cewa amsa-kuwwa. Ban yarda ba. Amsa-kuwwa kowace ƙara take maidowa, kuma a makare. A nan kuwa kwayil da kafasita ne ke miƙa wa juna kuzari, wannan ya ajiye ya ba wancan, wancan ya maido, kuma a mita ɗaya tak suke yin hakan da ƙarfi. Sai an kira su da tasu mitar suke amsawa. Don haka na zaɓi amshi, mitar kuma mitar amshi.

Q ce mai wuyar, kuma a kanta na fi damuwa. Fassarar da ke saurin zuwa ita ce "ma'aunin inganci", wadda za ta ɓatar da ɗalibi tun ranar farko. Shi kansa K. S. Johnson na kamfanin Western Electric, wanda ya fara amfani da harafin wajen 1920, ya ɗauke shi ne don sauran haruffa duk an riga an ba su aiki. Daga baya aka liƙa masa ma'anar inganci. Abin da Q ke aunawa shi ne tsinin amshi: a raba mitar amshi da faɗin zangon da ke wucewa. Amshi a 1,000 Hz, faɗi 100 Hz, Q ta zama 10. Kaifi ke nan. Kuma yana haɗe da dirkoki, don idan tagwayen dirkoki suka matso kusa da layin tsaye na filin, kaifi ƙaruwa yake.

A rediyo ana son kaifi, don a ware tasha ɗaya daga maƙwabtanta. Ƙaramin kiristal na agogo mai kaɗawa sau 32,768 a daƙiƙa kaifinsa dubbai ne. To amma duba matacin hayaniya a bakin layin wuta na allon da'ira: ƙwallon ferayit, wanda ke aiki kamar ƙaramin kwayil, sai kafasitar seramik a bayansa. Dukansu ba sa zubar da kuzari sosai a ƙananan mitoci, sai amshinsu ya yi tsini, hayaniyar da aka sa su kashe a daidai wannan mitar ta fito ta fi yadda ta shiga. Maganin shi ne a daƙushe shi da gangan, a ƙara wata kafasita babba mai ƙaramin rizista a jere da ita. Matacin Butterworth na 1930 mai dirka biyu kaifinsa 0.707 ne kawai, shi ya sa amsarsa ke tafiya sumul ba tozo. Yaya za ka ce wa ɗalibi ya rage "inganci" don aiki ya gyaru? Ka ce ya rage kaifi, nan take zai gane.

Harafin Q a bar shi a lissafi yadda yake, a baki mu ce kaifi. Saura damping: daƙushewa nake so, tunda ita ce kishiyar kaifi, amma ina jiran ta bakinku, musamman malaman lissafi.