Fuloti a bakin rafin Dilimi, a saya ko a haƙura?

Abu Khalil:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah waɗanda suka san harkar filaye ku taimaka da shawara. Ƙanena ne ya samu fuloti wajen Rikkos a garin Jos, kuɗin ko rabin na cikin unguwa bai kai ba, sai dai bayan filin rafi ne, kana tsaye a ciki kana jin ƙarar ruwa. Dillali ya rantse wai ruwa ba ya hawowa nan kuma akwai takardar mai unguwa. Ni kam hankalina bai kwanta ba. Wai shin gwamnati tana da wani tsari kan gini a irin wannan wuri ne, kuma in aka zo rusau nan gaba ana biyan diyya ko mutum ya tafka asara ke nan?

Safiyo Jos:
Wa alaikumus salam Malam. Ka ce masa ya riƙe kuɗinsa tukuna. Takardar mai unguwa shaidar ciniki ce kawai, ba izinin gini ba ce. Tun dokar filaye ta 1978 ƙasa tana hannun gwamna ne, kuma a cikin garin nan hukumar raya birnin Jos, wato JMDB, ce ke ba da izinin gini, ga kuma dokar zartarwa mai lamba 003 da Gwamna Mutfwang ya sa wa hannu a 2024 kan gine-ginen da ba su da izini. Wanda ya yi gini a hanyar ruwa babu izini, ranar da aka shafa masa jan fenti ba shi da bakin neman diyya.

Sannan fadama ai ta rafi ce, nan yake baje ruwansa in ya cika. Garinmu kuma kan dutse yake, ruwa ba ya samun nutsewa, gangarowa yake yi da gudu lokaci guda, shi ya sa rafin da yaro ke tsallakewa da rani zai iya cin gida cikin awa ɗaya a watan Yuli ko Agusta. Ku je wurin ba tare da dillalin ba, ku ɗaga kai ku duba rassan bishiyoyin bakin rafi, inda kuka ga leda da tsumma sun maƙale to nan ruwa ya kai. Ku duba katangar maƙwabta akwai layin laka, ku kuma tambayi 'yan lambun da ke noman latas da kabeji a wurin, su ba su da abin sayarwa, gaskiya za su gaya muku.

Maman Hafsa:
Ɗan uwa don girman Allah kar ku saya. A Gangare muke lokacin ruwan Yulin 2012, farkon azumi ne, aka yi ta sheƙa ruwa dam ɗin Lamingo ya tumbatsa, cikin dare ruwa ya shigo Rikkos da Gangare da Unguwar Rogo, mutane da dama suka rasu har da ƙananan yara, Allah ya jiƙansu. Maƙwabciyarmu da goyo a baya ta hau katanga, da safe tukwanenta da buhun masararta duk babu, ɗakin ya cika da laka har gwiwa. Abin da ke ci min rai har yau shi ne bayan an raba katifa da shinkafa da kwanon rufi shi ke nan magana ta mutu, mutane suka koma suka sake gini a daidai inda ruwa ya cinye, ba don ba sa tsoro ba, to ina za su? Kullum a rediyo a ce a koma kan tudu, tudun wa, da kuɗin wa? In gwamnati da gaske take ta yanka wa mutane filaye a wani wuri kafin ta ce su tashi.

Ɗan Lugbe:
Hajiya kin faɗi gaskiya. Ni a Abuja nake zaune kuma ko nan birnin da aka tsara da taswira ba mu tsira ba. Ku tuna rukunin gidajen Trademore a Lugbe, a watan Yunin 2023 ruwa ya shanye gidaje da motoci har hukumar birnin ta ayyana wurin a matsayin yankin bala'i, kuma fa ma'aikata ne da suka biya kuɗi masu yawa, ba talakawan bakin rafi ba. Lokogoma ma duk damina sai an ji labari. Hukumar lura da ruwa ta ƙasa, NIHSA, tana fitar da hasashen ambaliya duk shekara, hukumar hasashen yanayi, NiMet, tana faɗin yadda damina za ta kasance, sani dai an sani. A 2022 sama da mutum 600 suka rasu a faɗin ƙasar nan, a 2024 dam ɗin Alau ya fashe a kan Maiduguri, sannan akwai asusun kula da muhalli da jihohi ke samun kasonsu, me zai hana a riƙa bayyana wa jama'a kwalbati nawa aka gina da shi?

Baba Mai Kuza:
'Ya'yana ku haɗa da namu laifin. Ku leƙa ƙarƙashin gadojin Dilimi ku ga bola, da an ga hadari sai kowa ya fito da shara ya juye a kwata wai ruwa ya tafi da ita, can ta je ta toshe kwalbati ruwa ya dawo cikin gidaje. A da bakin rafin nan duk lambu ne, in ruwa ya malala kayan miya kawai ake asara, manomi ya sake shuka. Ni abin da nake so a yi, a kafa turaka a gaɓar rafi kowa ya ga iyaka da idonsa, a bar wurin ga masu lambu da filin ƙwallon yara, a yashe magudanai tun watan Maris kafin ruwan fari, kuma duk wanda ya sayar da hanyar ruwa a kama shi tun ranar da aka sauke bulon farko, ba sai bawan Allah ya yi rufi ya tare da iyalinsa sannan a turo katafila ba.